Chiamaka Nnadozie: tarihin mai tsaron ragar Super Falcons, daga Orlu zuwa Brighton

Chiamaka Cynthia Nnadozie 'yar ƙwallon ƙafa ce ta Najeriya da ke tsaron raga. An haife ta ranar 8 ga Disamba, 2000, a garin Orlu na Jihar Imo. Tun shekarar 2019 take tsare ragar tawagar mata ta ƙasa, Super Falcons, kuma a shekarar 2025 ta koma ƙungiyar Brighton ta Ingila bayan shekara biyar da rabi a Paris FC ta Faransa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓe ta gwarzuwar gola ta nahiyar sau uku a jere, a 2023 da 2024 da 2025. Tun da aka ƙirƙiro kyautar a ɓangaren mata, ba ta taɓa zuwa hannun wata ba a waɗannan shekaru uku.

Duk wanda ya bi tarihinta mataki-mataki zai ga cewa kusan kowane babban sauyi a cikinsa ya faɗo ne a kan farin ɗigon nan da ke nisan mita 11 daga raga. A kan bugun fenariti ta fara yin suna, a kansa ta sha takaicin da ya fi kowanne ciwo, a kansa kuma duniya ta san ta.

Tasowa da zaman Fatakwal

Nnadozie ta sha faɗa a hirarraki cewa mahaifinta bai amince da farko ta buga ƙwallo ba, saboda a ganinsa ba sana'ar 'ya mace ba ce, kuma mahaifiyarta ce ta tsaya mata. Ta kuma ce a cikin fili ta fara wasa kafin ta koma raga. Wannan hanya ce da gololi mata da yawa suka bi a Najeriya, domin a ƙananan ƙungiyoyi ba a cika samun mai horar da gola na musamman ba. Wadda ba ta tsoron ƙwallo ita ake tura wa safar hannu.

A shekarar 2016 ta shiga Rivers Angels ta Fatakwal, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin mata da suka fi tara kofuna a ƙasar nan. Shekarunta ba su cika 16 ba a lokacin. Ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2016 da 2017 da 2018, sannan ta lashe gasar lig ta mata a 2019.

Wasan ƙarshe na kofin 2017, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo, a Jos aka buga shi cikin watan Oktoba. Rivers Angels ta kara da Ibom Angels, aka tashi kunnen doki, aka tafi bugun fenariti, Nnadozie tana raga, kuma Rivers Angels ta ɗaga kofin. Jos ba baƙon wuri ba ne ga ƙwallo. Garin Mighty Jets ne, wadda ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, kuma garin da aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa. Daga Gangare zuwa Tudun Wada da wuya a sami unguwar da ba ta da filin da yara ke taka leda. Makonni kaɗan kafin wannan wasa ne ma Plateau United ta ci gasar lig ta maza. 'Yan kallon da suka saba ganin manyan 'yan wasa ne suka ga yarinya 'yar shekara 16 ta tsaya a kan layi ba tare da jikinta ya yi rawa ba.

Shekara ta gaba, cikin Agustan 2018, ta buga dukkan wasanni huɗu na Najeriya a gasar cin kofin duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Faransa. An zaɓe ta gwarzuwar wasan da Najeriya ta doke Haiti da ci 1-0, kafin Sifaniya ta fitar da tawagar a wasan daf da na kusa da na ƙarshe. A ƙarshen shekarar tana cikin Super Falcons da suka ci kofin Afirka a Gana, sai dai a benci ta zauna. Tochukwu Oluehi ce ke raga, ita ce kuma ta kaɗe bugun da ya bai wa Najeriya kofin a gaban Afirka ta Kudu a Accra.

Gadon da ta tarar

Najeriya ta halarci kowace gasar cin kofin duniya ta mata tun ta farko a 1991, kuma a tsawon wannan lokaci mutum kaɗan ne suka daɗe a ragarta. Ann Chiejine ce ta riƙe ta a shekarun 1990, har zuwa gasar 1999 a Amurka, inda Najeriya ta kai wasan daf da na kusa da na ƙarshe, Brazil ta fitar da ita da ci 4-3 a ƙarin lokaci. Precious Dede ta karɓa daga nan, ta je gasar duniya huɗu, daga 2003 zuwa 2015, ta yi ritaya da wasa 99 a tawagar ƙasa. Oluehi, wadda ta daɗe tana jira a bayan Dede, ita ce ta biyo.

An daɗe ana kallon tsaron raga a matsayin raunin ƙwallon mata a ko'ina a duniya. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, kuma ma'auni ɗaya ne ga maza da mata, alhali galibin gololi mata ba su kai takwarorinsu maza tsayi ba. A 2019 Emma Hayes, mai horar da Chelsea a lokacin, ta kawo shawarar a duba yiwuwar rage girman ragar, gololi da dama kuma suka ƙi yarda, suna cewa horo ne ya yi ƙaranci. Abin da ya biyo baya ya fi goyon bayan gololin. Da manyan ƙungiyoyin Turai suka fara ɗaukar masu horar da gola na cikakken lokaci, sai ƙwallayen nesa da a da ke wucewa ta saman kai suka ragu sosai. A tsakiyar wannan sauyi Nnadozie ta fito.

Grenoble da Rennes, 2019

Najeriya ta buɗe gasar duniya ta 2019 a Faransa da shan kashi 3-0 a hannun Norway, Oluehi tana raga. Koci Thomas Dennerby, ɗan ƙasar Sweden, ya yi kasadar sauya gola a wasa na biyu. Ranar 12 ga Yuni, a Grenoble, Najeriya ta doke Koriya ta Kudu da ci 2-0, da ƙwallon da 'yar Koriya ta ci gida da kuma wadda Asisat Oshoala ta zura. Nnadozie tana da shekara 18 da kwana 186 a ranar, ta zama gola mafi ƙarancin shekaru da ta kammala wasa a gasar duniya ta mata ba a zura mata ƙwallo ba.

Kwana biyar bayan haka, a Rennes, aka haɗu da masu masaukin baƙi. Najeriya ta riƙe Faransa fiye da minti 70 babu ci. Sai na'urar VAR ta nuna cewa Ngozi Ebere ta yi wa Viviane Asseyi ƙeta a cikin da'ira, aka ba Faransa fenariti, aka kuma kori Ebere da katin gargaɗi na biyu. Wendie Renard ta buga, ƙwallon ta daki turke ta fita. 'Yan Najeriya ba su gama murna ba aka dakatar da wasa. Hoton bidiyo ya nuna cewa ƙafafun Nnadozie sun ɗan bar layi kafin a taɓa ƙwallon. Alƙaliyar wasa ta ba ta katin gargaɗi, ta ce a sake bugawa, Renard kuma ba ta kuskure karo na biyu ba. Aka tashi 1-0.

Dokar da aka yi amfani da ita sabuwa ce fil. Daga 1 ga Yunin shekarar ne hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo, IFAB, ta tanadi cewa dole ne aƙalla ƙafa ɗaya ta gola ta kasance a kan layi lokacin bugu, kuma gasar mata ce babbar gasa ta farko da aka haɗa wannan doka da idon VAR. Kwana biyu bayan wasan Rennes, golar Scotland Lee Alexander ta gamu da irin wannan hukunci a karawarsu da Ajantina, abin da ya yi sanadin fitar ƙasarta daga gasar. Ƙorafi ya yi yawa har IFAB ta dakatar da ba gola kati kan wannan laifi a bugun fenariti na raba gardama tun gasar ba ta ƙare ba. A 2020 kuma aka gyara dokar: idan ƙwallon ta yi waje ko ta daki turke, ba za a sake bugu ba sai in motsin golar ne ya rikita mai bugawa a fili, kuma laifin farko jan kunne ne da baki. Ke nan da a ƙarƙashin dokar yau aka buga wasan, da wuya a sake wa Renard bugun nan.

Duk da haka Najeriya ta tsallake rukuni a cikin ƙasashen da suka fi ƙoƙari a mataki na uku, karo na farko tun 1999. Jamus ta fitar da ita da ci 3-0 a zagaye na biyu. Wata biyu bayan haka, a wasannin Afirka da aka yi a Rabat, Nnadozie ta kaɗe bugu uku a fenaritin wasan ƙarshe da Kamaru, Najeriya ta ɗauki lambar zinare.

Paris FC

A watan Janairun 2020 ta sa hannu a Paris FC. Kada a haɗa ta da Paris Saint-Germain. Ƙungiya ce dabam, mai ƙaramin ƙarfi, wadda ɓangarenta na mata ya samo asali daga tsohuwar Juvisy. A gasar Faransa Lyon ce sarauniya, PSG na biye da ita, saura kuma na neman mataki na uku. Ga gola, irin wannan ƙungiya makaranta ce mai kyau, domin ba ta rasa aiki: duk karawa da manyan nan biyu ruwan hare-hare ne. A ƙarƙashin koci Sandrine Soubeyrand ta zama gola ta ɗaya, ta kuma ƙware a abin da ƙwallon zamani ke nema daga mai tsaron raga, wato karɓar ƙwallo da ƙafa da fara kai hari daga baya.

Kakar 2023 zuwa 2024 ce ta fito da ita a Turai. A zagayen neman shiga gasar zakarun Turai ta mata, cikin Satumban 2023, Paris FC ta yi 3-3 da Arsenal, aka je fenariti, Nnadozie ta kaɗe bugun Frida Maanum da na Alessia Russo. A zagaye na gaba aka haɗa su da Wolfsburg ta Jamus, wadda watanni huɗu da suka wuce ta buga wasan ƙarshe na gasar da Barcelona. An yi 3-3 a Paris. A Jamus Nnadozie ta sake kaɗe fenariti, Paris FC ta ci 2-0. A ƙarshen kakar aka zaɓe ta golar da ta fi kowa a gasar Faransa.

Ta yi ban kwana da ƙungiyar da kofi a hannu. Ranar 3 ga Mayu, 2025, a Calais, Paris FC ta yi canjaras babu ci da PSG a wasan ƙarshe na kofin Faransa, sannan ta ci 5-4 a fenariti bayan Nnadozie ta tare bugu biyu. Rabon ƙungiyar da babban kofi tun zamanin da ake kiranta Juvisy.

Maroko 2022, da Melbourne

Ba kullum fenariti ke yi mata daɗi ba. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2022, a Rabat, an kori Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, da Rasheedat Ajibade, Najeriya ta ƙarasa wasan da mutum tara har ƙarshen ƙarin lokaci a kan 1-1. Nnadozie ta yi aiki tuƙuru a waɗannan mintuna, amma a fenariti 'yan Maroko biyar duk suka ci. A wasan neman na uku da Zambiya, ƙwallo ta daki turke ta dawo ta bugi jikinta ta faɗa raga, kuma da wannan ƙwallo guda aka tashi. Najeriya, mai kofi tara a lokacin, ta koma gida a mataki na huɗu.

Shekara guda bayan haka, ranar 21 ga Yuli, 2023, Super Falcons ta buɗe gasar duniya da Kanada a Melbourne ta Ostareliya. Kanada ce ke riƙe da zinaren Olamfik. Nnadozie, mai shekara 22, ita ce ta ɗaura kambun kyaftin a ranar. Jim kaɗan da dawowa hutun rabin lokaci aka ba Kanada fenariti bayan duba VAR, kuma wadda ta ɗauki ƙwallon ita ce Christine Sinclair, mai shekara 40, wadda babu namiji ko macen da ya kai ta yawan ƙwallaye a wasannin ƙasa da ƙasa, guda 190. Da ta ci, da ta zama ta farko, mace ko namiji, da ta zura ƙwallo a gasar duniya shida. Sinclair ta buga ƙasa-ƙasa, Nnadozie ta faɗi hagunta ta tare, ta kuma yunƙura ta doke ƙwallon gefe kafin 'yan Kanada su iso. A wannan karon ƙafarta na kan layi, VAR ba ta da ta cewa. Aka tashi babu ci, aka ba ta kyautar gwarzuwar wasa.

Makin nan guda ya yi nauyi a lissafin rukunin. Najeriya ta doke masu masaukin baƙi Ostareliya 3-2 a Brisbane, ta yi canjaras babu ci da Ireland, ta wuce da maki biyar, Kanada kuma ta koma gida da huɗu. A zagaye na biyu, ranar 7 ga Agusta, tawagar da Randy Waldrum ke horarwa ta riƙe Ingila, zakarun Turai, minti 120 babu ci, har aka kori Lauren James saboda taka Michelle Alozie. Ingila ta ci 4-2 a fenariti. Nnadozie ba ta tare ko ɗaya ba, 'yan Najeriya biyu kuma suka zubar da nasu. A wasa huɗu, uku ba a zura mata ƙwallo ba.

Batun haƙƙoƙi

Tarihin kowace 'yar Super Falcons ba ya cika ba tare da maganar alawus ba. A 2019, bayan wasan Jamus, 'yan wasan sun ƙi barin otal ɗinsu a Grenoble saboda kuɗaɗen da suka ce suna bin hukumar NFF. A 2022 sun ƙaurace wa atisaye a Maroko kafin wasan Zambiya kan irin wannan dalili. Bayan gasar 2023 ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, ta fitar da sanarwa cewa tana taimaka musu neman bashin da ya taru. A gasar ne FIFA ta fara ware wa kowace 'yar wasa kasonta, inda wadda ta kai zagaye na biyu ke da dala 60,000.

Wannan ne ya sa fita waje ta zama burin kusan duk wadda ta yi fice a gasar cikin gida. Galibin ƙungiyoyin mata a Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, ƙarfinsu na hawa da sauka gwargwadon sha'awar mai mulki. A Arewa ma ba su da yawa. Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens suna cikin waɗanda aka fi sani. Fatakwal ce ta gano Nnadozie, amma Paris ce ta goge ta, kuma da ba ta tafi tana 'yar shekara 19 ba, da wuya ta kai inda ta kai.

Kofi na goma

A Afrilun 2024 Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu da ci 1-0 a wasa biyu, gida da waje, ta samu gurbin Olamfik karo na farko tun 2008. A Faransa aka sha kashi a wasanni ukun duka, 1-0 a hannun Brazil, 1-0 a hannun Sifaniya, 3-1 a hannun Japan.

Kofin Afirka da aka jinkirta zuwa Yulin 2025 ya sake komawa Maroko. A ƙarƙashin koci Justine Madugu, ɗan Jihar Adamawa, Najeriya ta buga wasa huɗu na farko ba a taɓa ragarta ba: 3-0 da Tunisiya, 1-0 da Botswana, babu ci da Aljeriya, 5-0 da Zambiya. Ƙwallon farko da ta shiga ragar Nnadozie a gasar fenariti ce, daga ƙafar Linda Motlhalo ta Afirka ta Kudu, a wasan da Najeriya ta ci 2-1. A wasan ƙarshe, ranar 26 ga Yuli a Rabat, Maroko ta zura biyu tun kafin hutu. Esther Okoronkwo da Folashade Ijamilusi suka farke, Jennifer Echegini ta ci ta uku ana daf da tashi. Najeriya ta ɗauki kofinta na goma, aka zaɓi Nnadozie golar gasar. Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya karɓi tawagar a Abuja, ya ba 'yan wasan lambar girma ta OON, ya kuma sanar da kyautar gida da kuɗi kwatankwacin dala 100,000 ga kowacce.

A watan Satumban 2025, da aka fara ba da kyautar Yashin ta gololi mata a bikin Ballon d'Or a Paris, Hannah Hampton ta Ingila ce ta lashe, Nnadozie ta zo ta huɗu. A lokacin ta riga ta fara wasa a Brighton, a gasar Ingila, inda take haɗuwa da Hampton da Russo a matsayin abokan hamayya na kowace kaka. Cikin Nuwamba, a Rabat, CAF ta miƙa mata kyautarta ta uku.

Gololi sukan daɗe a fili fiye da sauran 'yan wasa. Precious Dede tana da shekara 35 lokacin da ta buga gasar duniyarta ta ƙarshe a Kanada. Ranar da za a buɗe gasar 2027 a Brazil, Nnadozie za ta kasance tana da shekara 26.